Mayaƙi ɗan Yakubu, sarkin da ya kafa Tsibirin Gobir

Garin Tsibiri da ke gundumar Gidan Rumji, kusa da Maraɗi, nan ne fadar Sarkin Gobir a Nijar. Mayaƙi ɗan Yakubu ne ya kafa shi, a lokacin da sarautar gidansu ke gab da shuɗewa.

Kakansa Babari shi ya mayar da Alƙalawa babban birnin Gobir. Mahaifinsa Yakubu, ɗan'uwan Bawa Jan Gwarzo, a fagen daga ya rasu a Kiyawa. A shekarar 1808 dakarun Shehu Usman ɗan Fodiyo suka ci Alƙalawa, aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawa suka watse. A 1836 kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fatattake su a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali, ɗan'uwan Mayaƙi, ya kwanta dama tare da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda.

Bayan wannan rashi ne sarauta ta faɗo kan Mayaƙi. Da taimakon Ɗan Mari, magajin Rauda, ya tattara jama'arsa ya gina Tsibiri a bakin gulbin Maraɗi, garuruwan biyu suka zama garkuwar juna. A 1842 Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya kawo wa Tsibiri hari, ya samu rauni, ya rasu a Katuru.

Daga baya gidan ya rabu, Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a ɓangaren Sakkwato. Shi ya sa a yau ake da Sarkin Gobir a Nijar da kuma Najeriya.