HANS GEIGER, MUTUMIN DA YA ƘIRGA ABIN DA IDO BA YA GANI

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, musamman waɗanda muka yi ajin kimiyya tare, na san ba ku manta da zanen nan na bututu mai waya a tsakiya ba, wanda muka yi ta haddacewa saboda jarrabawar fita. Da yawanmu mun zana shi ba tare da mun taɓa riƙe shi a hannu ba, balle mu tambayi wane ne mai sunan da ke jikinsa. To, ga tarihinsa, shi ne Hans Geiger, ana kuma furta sunan Gaiga.

An haife shi ran 30 ga Satumba, 1882, a garin Neustadt na ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Wilhelm Geiger, shehun malami ne a Jami'ar Erlangen, masanin tsofaffin harsunan Indiya da Farisa. Ɗan bai gaji uban ba, sai ya karkata ga lissafi da fiziks, ya sami digirinsa na dakta a 1906 a kan yadda lantarki ke ratsa iskar gas. Daga nan ya tafi Jami'ar Manchester a Ingila, inda a 1907 Ernest Rutherford ya zo ya karɓi shugabancin sashen, ya riƙe shi mataimaki.

Matsalar da ke gabansu ita ce, sinadarin radiyom yana fesar da wasu 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashi da ake kira alfa, amma ba wanda ya iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A 1908 suka haɗa wani bututun ƙarfe, suka rage iskar da ke ciki, suka miƙa siririyar waya a tsakiyarsa, sa'an nan suka ɗora mata lantarki mai ƙarfi. Idan ɓarɓashi guda ya shigo ta 'yar kafa, sai ya fizge ƙwayoyin lantarki daga iskar, su kuma a gujensu zuwa wayar su banke wasu, waɗannan su banke na gaba, har abin ya taru ya motsa allurar ma'auni. Watau abin da ya fi ƙarfin ido sun sa shi ya yi shelar zuwansa da kansa. Da wannan suka gano giram ɗaya na radiyom yana fitar da ɓarɓashi kamar biliyan 34 a kowace daƙiƙa.

Sai dai na'urar tana da nawa, saboda haka babban aikin da ya biyo baya da ido aka yi shi. Geiger da wani ɗalibi ɗan shekara 20, Ernest Marsden, sukan zauna cikin ɗaki mai duhu ƙirin har idanunsu su saba, sa'an nan su leƙa madubin ƙara girma suna ƙirga 'yan ƙyalƙyalin da ɓarɓashin ke yi idan ya faɗa kan wani allo da aka shafa wa sinadari. Ido ba ya jure wannan sai ɗan lokaci, dole su riƙa karɓa-karɓa. Ku da kuke gundura da awon kaɗawar lilo sau 20 a ɗakin gwaje-gwaje, malam yana tsaye a kanku, ku sani waɗannan bayin Allah sun ƙirga ƙyalƙyali fiye da 100,000 kafin su kammala. A 1909 suka lura cewa idan aka harba ɓarɓashin kan fallen ƙarfe irin su zinariya, galibi yakan wuce abinsa, amma kamar ɗaya cikin 8,000 yakan dawo da baya. Daga wannan ɗaya tilo ne Rutherford ya fahimta, a 1911, cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya, saura kuwa fili ne fetal.

A 1912 Geiger ya koma gida, aka ba shi ɗakin binciken radiyom a cibiyar awo ta gwamnati da ke Berlin. Wani Bature ɗan Ingila, James Chadwick, ya biyo shi don koyon aiki, sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914. Aka tsare ɗalibin a sansanin Ruhleben, malamin kuma ya tafi fagen daga yana hafsan sojan igwa. Sanyin ramukan yaƙi ya bar masa ciwon gaɓoɓi wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Ya yi aure a 1920, suka haifi 'ya'ya maza huɗu.

Na'urar da muka sani a littafi a Jami'ar Kiel aka gama ta, a 1928, tare da ɗalibinsa Walther Müller. Suka toshe bututun, suka ƙara masa ji, ta yadda yake kama alfa da beta da gama, ga shi ba tsada, ga shi da sauƙin ɗauka. Da aka haɗa shi da lasifika, sai kunne ya karɓi aikin da ido ya sha wahala a kansa: kowane ƙas da aka ji, ɓarɓashi ɗaya ne ya wuce. Masu neman yuraniyom a daji, da ma'aikatan asibiti, da masu binciken wuraren da aka yi hatsarin nukiliya, duk sun ci moriyarsa. Shi kansa bai sami kyautar Nobel ba, alhali kuwa Walther Bothe, abokin aikinsa a gwajin da suka yi a 1924 zuwa 1925, ya same ta a 1954.

Akwai kuma inda tarihinsa bai yi haske ba, ba kuwa zan ɓoye ba. A 1933, yana shugaban sashen fiziks a Tübingen, gwamnatin Hitler ta kori malamai masu asalin Yahudanci, ciki har da wani matashi, Hans Bethe. Bethe ya rubuta masa wasiƙa, amsar da ya samu kuwa busasshiya ce, ba jaje ba taimako. Yaron ya ƙare a Amurka, ya ci Nobel a 1967. Gaskiya ne a 1936 Geiger yana cikin waɗanda suka shirya takardar koke, wadda masana 75 suka sa wa hannu, don kare ilmin fiziks daga katsalandan ɗin 'yan Nazi. Amma a ganina, tsaya wa ilmi daban, tsaya wa mutum daban. A 1939 kuma sunansa ya fito cikin rukunin masanan da aka tara don binciken yuraniyom saboda yaƙi.

A shekarun ƙarshe ciwon ya ɗaure shi a gida. Da sojojin Rasha suka ci Berlin a 1945, aka karɓe gidansa na Babelsberg, ya koma Potsdam yana jinya. A nan ya mutu ran 24 ga Satumba, 1945, saura kwana shida ya cika shekara 63.