Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mai Magana Jari Ce

A wannan fitowa za mu ɗan taɓa tarihin marigayi Alhaji Dokta Abubakar Imam, Allah ya ji ƙansa. Dalili kuwa, littattafansa ne ke yawo a hannunmu 'yan watannin nan a nan Sabon Ibadan, daga rumfar wannan zuwa rumfar wancan, kuma mun lura da yawa daga cikinmu sun san Waziri Aku da Malam Zurƙe sarai, amma mutumin da ya ƙago su sai dai suna.

An haife shi a Kagara cikin 1911, garin da yanzu yake Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne, saboda haka da allo ya fara kamar kowannenmu, Larabci kuma tun a gida ya same shi. Karatun boko a Katsina ya yi, inda wansa Malam Bello Kagara yake, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fito a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Cikin 1933 wani Bature, Rupert East, shugaban Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, don an koya wa yara karatu amma babu abin karantawa. Aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Ruwan Bagaja na Imam. Ka ga wa da ƙane ke nan a jere guda. Lokacin Imam yana da shekara 22 kacal.

Ruwan Bagaja ƙaramin littafi ne, mai saurin karatu yana iya gama shi tsakanin Azahar da Magariba in kasuwa ta yi sanyi. Labarin Alhaji Imam ne, mutumin Kwantagora, da ya fita duniya neman wani ruwa mai warkar da cuta don ɗan sarki, duk inda ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe a rama. Wanda ya karanta Muƙamatul Hariri a zaure zai ji ƙamshinsa a ciki. A wajenmu shi ne mafi ban dariya cikin duk abin da ya rubuta, ko da yake wasu dattawanmu na ganin zambar ta yi yawa, bai kamata a sake wa yaro shi ba sai da babba a kusa. Muna ganin suna da ɗan hanzari, amma mutumin da ya yi fatauci ya san irin su Zurƙe suna nan a kowace tasha, gara yaro ya fara gamuwa da su a takarda.

East ya ga hannun wannan saurayi, sai a 1936 ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya. Ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe iri-iri, na Larabawa, na Indiya, na Turawa. Cikin kimanin wata shida Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. A na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, mugun waziri yana son ya yaudari ɗan sarki Musa ya fito daga gida a hallaka shi, sai aku ya riƙa tsare yaron da labari, dare bayan dare, har sarki ya dawo. A na biyu akun ya zama waziri, yana gasar labari da wani aku. A na uku kuma yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari, kuma wannan shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali nan ne ya zuba basirar sana'ar.

To, ga inda ake gardama. Wasu 'yan boko na cewa ai labaran ba nasa ba ne, aro ya yi daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa. Gaskiya ne ya yi aro. Labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka soya don baƙo sannan ta haɗa mijin da baƙon tsere, asalinsa daga Jamus yake. Amma wa ya taɓa karanta shi ya ji warin baƙunci? Mu 'yan goro wannan magana ba ta ba mu wahala. Goro a ƙasar Yarbawa yake fita, ba ya tsiro a Kano, amma Bahaushe ne ya san yadda ake zaɓensa, a jera shi a huhu da ganye, a yi ta duba shi ana yayyafa ruwa har ya isa Arewa da ransa, ya shiga ɗaurin aure da suna. Haka Imam ya yi da labaran nan. Ya sauya musu suna da gari da tufafi, ya sa musu karin magana, har suka zama 'yan gida.

Maƙwabtanmu Yarbawa su ma suna da nasu gwanin na wannan zamani, D. O. Fagunwa, wanda littafinsa na farko ya fito a 1938, kuma har gobe suna ji da shi. Abin da ke damunmu shi ne 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Yaro zai karanta maka Turanci, ya yi Yarbanci kamar ɗan gari, ya kawo hadda a Islamiyya, amma ka miƙa masa Magana Jari Ce sai ya tsaya yana in'ina a kan ƙ da ɗ, karin magana kuwa sai an fassara masa. Makarantun boko na nan ba sa koyar da Hausa, ba mu kuma ga laifinsu ba. Matanmu suna karanta littattafan soyayya na Kano, yanzu ma a waya, ba mu ce a hana ba, amma Hausar ciki ba ta kai wadda za a yaye yaro da ita ba. Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a sayo waɗannan littattafai daga Zariya, a ware ko da rabin awa a makarantun dare ana karanta wa yara da baki, su ma suna karɓa.

Mu koma ga marigayin. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta wajen shekara goma sha biyu. Ana sayar da ita kwabo guda, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta nan mutanen Arewa ke jin labarin yaƙin da na 'ya'yansu da aka kai Bama. A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, don a ganinsa Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani, tana bukatar gyara tukuna. Wannan bai hana shi zama da Lugga ba, ya zayyana masa ɓarnar da ke cikin mulkin En'e da ƙarancin makarantu. Labarin tafiyar shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya kamata duk matafiyi ya karanta.

Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka kuma zaɓe shi ɗan majalisa a 1951, amma siyasa ba ta riƙe shi ba. Ya koma harkar littattafai, ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa, ya rubuta littattafan addini, ciki har da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyidina Abubakar. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya cikin watan Yuni 1981, yana da shekara 70. Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna makoma, amin.