Caspar David Friedrich: Mai Zanen Bishiyoyin da Suka Kaɗe Ganye

Gabatarwa

A wannan 'yar maƙala zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai taƙaitaccen tarihin wani Bajamushe mai zane, wato Caspar David Friedrich. Na zaɓe shi ne saboda yawancin masu zanen karkara sun fi son kore shar da furanni, shi kuwa sai ya yi suna da bishiyar da hunturu ya tuɓe wa ganye, ta tsaya daga ita sai rassa, kamar yadda kuka ke yi da rani.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haife shi ranar 5 ga Satumba, 1774, a garin Greifswald da ke bakin teku a arewacin Jamus, lokacin garin yana ƙarƙashin mulkin Suwidin. Mahaifinsa sana'ar sabulu da kyandir yake yi, kuma shi ne na 6 cikin 'ya'ya 10. Tun yana ƙarami ya san ɗacin rashi. Mahaifiyarsa ta rasu a 1781, sannan a 1787 ƙanƙara ta rufta da ƙanensa, ruwa ya ci shi. Masana da dama suna ganin wannan ne tushen kaɗaicin da ke cikin zane-zanensa. Ya yi karatun zane a Kofanhegan ta ƙasar Denmak daga 1794 zuwa 1798, daga nan ya koma birnin Dresden, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Yadda Yake Aikinsa

Aikinsa hawa biyu ne. Da farko yakan fita daji da fensir da ɗan littafi, ya zauna gaban bishiya ɗaya ya bi ta reshe-reshe: inda ta karkace, inda ta karye, inda ɓawonta ya tsage. Sau da yawa yakan rubuta kwanan wata a jikin takardar, ya adana ta. Hawa na biyu a ɗakin aikinsa ne, ɗakin da kusan babu komai a cikinsa sai kayan zane. A nan yake ɗauko tsofaffin takardun, wata ma ta shekara da shekaru, ya haɗa bishiyar wuri kaza da tudun wuri kaza su zama hoto guda. Ke nan kowace bishiya ta gaskiya ce, amma filin da ya dasa ta a ciki shi ya tsara abinsa.

A kan ƙyallen zane kuwa, sai ya fara fitar da siffar komai da fensir ko alƙalami, sa'annan ya bi da fenti shafi-shafi marar kauri, har ana iya hango layukan farko ta ƙarƙashi. Yakan saukar da layin da ƙasa ta haɗu da sama, ya ba samaniya fili mai yawa, domin baƙaƙen rassan su fito sarai a kan haske. Hazo kuma da ƙananan ɗige-ɗigen burushi yake samar da shi.

Shahararrun Ayyukansa

A 1810 ya nuna wani zane a Balin wanda ke ɗauke da kangon wani gidan ibada a tsakiyar tsofaffin bishiyoyin ok marasa ganye, ga waɗansu masu ibada suna ɗauke da makara. Sarkin Furusiya ya saye shi tare da wani zanen nasa. A 1822 ya zana wata bishiya tilo a tsakiyar makiyaya, ƙasanta da ganye, ƙolinta ya bushe, makiyayi ya jingina da gindinta, tumaki suna kiwo, ga ƙauyuka can nesa. A ganina wannan ne ya fi kowanne nuna hikimarsa, domin ya haɗa rayuwa da mutuwa a jikin itace ɗaya. Akwai kuma zanen bishiyar hankaki, wanda yake gidan tarihi na Louvre a Faris.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya auri Caroline Bommer a 1818, suka haifi 'ya'ya 3. Amma duniya rawar 'yan mata ce. Yayin zanensa ya wuce, masu saye suka ja baya, aka riƙa yi masa kallon mutum mai baƙin rai. A 1835 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, aikin fenti ya yi masa wuya. Ya rasu cikin talauci ranar 7 ga Mayu, 1840. An kusa mantawa da shi, sai da wani baje kolin zane da aka yi a Balin a 1906 ya farfaɗo da sunansa. A 2024 kuwa biranen Hambog da Balin da Dresden sun yi manyan nune-nune na cikarsa shekara 250 da haihuwa.

Kammalawa

Darasin da nake so mu ɗauka, mu masu nazarin harshe, shi ne na haƙurin lura. Friedrich bai zana bishiya da ka ba, sai da ya san ta ciki da bai. Haka ya kamata mai rubutu ya tara kalmomi daga bakin masu harshe, ya adana su, kafin ya zauna gina labari.