Malam Ibrahim, Shugaban Isawa

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi akwai wani malami a birni, sunansa Ibrahim, mutum mai ilmi, wanda a ke girmamawa har a fada. Bai taɓa jin mai wa'azin Bishara ba. Cikin nazarin Alkur'ani ne ya lura da girman da aka ba Isa ɗan Maryamu, zuciyarsa ta ɗauru gare shi, ya shiga koya wa almajiransa. Su ne aka kira Isawa.

Sa'ad da maganar ta bazu aka kai ƙararsa. Aka nemi ya janye abin da ya ke koyarwa domin ya tsira da ransa da matsayinsa, amma ya ƙi. Wajen shekara ta 1867 aka tsire shi a kasuwar Kurmi.

Almajiransa suka watse. Waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu suka zauna a ƙasar Zazzau, wajen Ikara, maƙwabtanmu ta gefen Tudun Wada. Suka yi noma, suka riƙe zancen malaminsu, suna sauraron ranar da za a kawo musu cikakken labarin Isa. A 1913 samarinsu biyu suka iske Likita Mila na C.M.S. a birnin Zariya. A 1914 masu bi suka kafa ƙauye a Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa cikinsu, sauran suka tashi. Daga 1929 suka sami mazauni a Wusasa.

Ya ɗan'uwa, ka auna kanka. Malam Ibrahim ɗan haske kaɗan ya samu, ya tsaya a kansa har mutuwa. Kai kana da Littafi Mai Tsarki da harshenka, ga baftisma, ga jama'ar masu bi. In an tambaye ka addininka a kasuwar Bebeji ko wurin neman aure, kada ka ɓoye domin tsoron ba'a. Ka amsa da ladabi, ba da zagi ba. Kada kuma ka riƙe kowa a zuci saboda jinin malamin nan, gama Ubangijinmu ya roƙi gafara domin waɗanda suka gicciye shi. Allah ya ba mu tsayawa irin tasa. Amin.