Labarin Alhaji Alhassan Ɗantata

Duk wanda ya ji sunan Alhassan Ɗantata, dalar gyaɗa da tarin kuɗi su ke fara faɗo masa a rai. Amma abin da ya fi dacewa da mu, mu da za a danƙa wa 'ya'yan mutane, shi ne mu duba zuciyar mutumin. Gama ta ɗauki maraici, da rabuwa da uwa, da bauta, duk tun bai cika shekara 20 ba, ba ta kuwa karye ba.

An haife shi a Bebeji, cikin ƙasar Kano, shekarar 1877. Ubansa Abdullahi yana daga cikin Agalawa, watau fataken nan masu bin hanyar Gwanja suna komowa da goro. Wajen 1885 Allah ya yi wa uban rasuwa, yaron yana ɗan shekara 8. Uwarsa Amarya, ita ma 'yar kasuwa, ta tashi zuwa Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda yau ake kira Gana, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa, ana ce da ita Tata. Daga sunanta ne aka yi masa laƙabi Ɗantata. Ku lura da wannan. Da ya zama attajirin da babu kamarsa a Kano, bai yar da sunan baiwar da ta goye shi ba, har yau kuwa da shi ake kiran zuriyarsa.

Aka sa shi makarantar allo. Ɗan abin da ya samu na gado bai daɗe ba, sai ya shiga abin da almajirai ke yi don ci da sutura, ga karatu, ga aikin hannu. Tata ta hore shi da tanadi, ya riƙa jefa abin da ya rage masa cikin asusu. Da ya kai kamar shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa, da 'yar hajarsa yana sayarwa a hanya. Bayan wannan doguwar tafiya, da ya isa Ankara, uwar ba ta ajiye shi a ɗakinta ba. Wurin wani malami ta kai shi, ya ci gaba da karatu da neman abin kansa, har ya komo Bebeji.

Bai daɗe da komowa ba sai Basasa ta tashi. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi, ƙasa ta rabu biyu. Agalawa da yawa suka bi Tukur, Allah kuwa bai ba shi nasara ba. Aka washe dukiyarsu, aka kama mutanensu. Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama, sai da fansa suka kuɓuta.

To, a nan ne hanya ta rabu biyu. Wani da ya ga haka sai ya zauna yana lissafin abin da aka ƙwace masa, yana ƙullatar mutane, har baƙin ciki ya cinye sauran ƙarfinsa. Shi kuwa sai ya sake ɗaura kaya ya koma fatauci. Abin da ya wuce ya bar wa Allah, ya juya ga abin da ya saura a hannunsa, watau lafiya, da sanin hanya, da amanar da mutane suka san shi da ita.

Wannan hali ya sake bayyana sa'ad da zamani ya juya. Turawa suka ci Kano a 1903. Wajen 1906 Alhassan ya fara ɗauko goro ta jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, maimakon watannin da ayari ke yi a daji. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Fagge, wadda tun da can zangon ayarin raƙuma ce a bayan ganuwa, sai ga ta kusa da tasha, kantunan Kwarori suna tsirowa a gefenta. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari don baƙi 'yan Kudu, akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa. Jirgin nan ya rage wa tsohon fatauci armashi ƙwarai. Alhassan bai tsaya kukan jaki da takarkari ba, ya taso ya zauna a unguwar Koki cikin birni, ya yi hulɗa da baƙin da ke bayan ganuwa ba tare da tsoro ko raini ba.

A 1918 kamfanin Neja ya nemi ya riƙa sayo masa gyaɗa. Dabararsa ita ce ya ba yaransa jari bisa amana, su shiga ƙauyuka su sayo tun daga hannun manoma. Mutumin da aka taɓa kamawa aka washe, da ya bar zuciyarsa ta cika da zargi, da bai iya sakar wa kowa ko sule ba. Kafin shekaru kaɗan ya wuce duk attajiran Kano. Ana ba da labarin cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa banki, kayan raƙumi 20. Ya sauke farali, ya zama Alhaji, duk da haka an san shi da tsimi da ƙin almubazzaranci, kamar dai yaron nan mai asusu. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su haɗa kai kada su raba sana'ar. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955.

Dalar gyaɗa ta Kano ta daɗe da ɓacewa, amma halin da ya gina ta bai tsufa ba, kuma ana iya koyonsa. Kyautata zato ga Allah ba zaman jiran tsammani ba ne. Shi ne mutum ya karɓi ƙaddara, ya hana zuciyarsa tuƙa abin da ya wuce, kana ya tashi ya yi ɗan abin da ke iyawarsa yau, gobe ma ya ƙara. Haƙuri irin wannan shi ke dafa dutse.

'Yan'uwa, gobe kaɗan kowannenmu zai tsaya gaban aji. A ciki lalle za a sami maraya, da wanda uwarsa ke nesa, da wanda ya zo ba karin kumallo. Ba mu da ikon mayar musu da abin da suka rasa. Amma muna da ikon yin abin da Tata ta yi, mu nuna wa yaro yana da daraja, mu koya masa ya riƙe kaɗan har ya zama da yawa. Kalma guda ta malami tana iya karya zuciyar yaro, tana kuwa iya ɗaure ta.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya jiƙan Tata, mu kuma ya ba mu zuciya mai haƙuri da kyakkyawan zato. Amin.