Ferdinand de Lesseps: mutumin da Suez ta ɗaukaka, Panama ta kayar

Ranar 17 ga Nuwamba 1869, jiragen ruwa suka yi jerin gwano cikin sabon mashigin Suez, matar sarkin Faransa Eugénie tana cikin na gaba. Wanda ake yi wa tafi a ranar shi ne Ferdinand de Lesseps, saura kwana biyu ya cika shekara 64. A 1893 kuwa, wata kotu a Paris ta yanke wa wannan mutumin hukuncin ɗaurin shekara biyar.

An haife shi a Versailles a 1805, cikin gidan da aikin jakadanci gado ne. Bai taɓa karatun injiniya ba, kuma a riƙe wannan, don zai dawo. A 1832 aka tura shi Iskandariya a matsayin ƙaramin jakada, inda ya ƙulla abota da Sa'id, ɗan Muhammad Ali mai mulkin Masar. Da Sa'id ya hau mulki a 1854, sai Lesseps ya garzaya wurinsa, kafin shekarar ta ƙare ya samu izinin haƙa hanyar da za ta haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya.

Ba a bar shi ya sha ruwa ba. Gwamnatin Ingila ta yi adawa da aikin, shahararren injiniyanta Robert Stephenson ya nuna ba zai yiwu ba, manyan masu kuɗi suka ja baya. Lesseps ya sayar da hannun jari ga ƙananan masu ajiya na Faransa, mai mulkin Masar ya ɗauki mafi yawan saura, aka fara haƙa a 1859. Shekarun farko da aikin tilas na talakawan Masar aka yi, daga baya injuna suka karɓa. Cikin shekara goma aiki ya kammala.

A ganina, a nan ne ciwon ya samo asali. Darasin da ya ɗauka daga Suez shi ne cewa in masana suka ce abu ba zai yiwu ba, naci ne maganinsu. Bai tsaya ya tantance nawa ne rabon nacinsa a nasarar, nawa ne rabon ƙasar da ya tarar ba: fili ne shimfiɗaɗɗe, yawancinsa rairayi, ruwan sama kusan babu.

A watan Mayu 1879 aka yi babban taro a Paris kan yadda za a haɗa tekun Atlantika da na Pasifik. Tun kafin a zauna, Lesseps ya riga ya yanke shawararsa: a bi ta Panama, wadda lokacin tana ƙarƙashin Kwalambiya, a haƙa mashigi daidai da tsayin teku kamar na Suez. Wani injiniya, Godin de Lépinay, wanda ya san aiki a yankuna masu zafi da ruwan sama, ya kawo wata dabara. Ya ce a datse kogin Chagres a yi tafki, a gina ƙofofin ruwa da za su riƙa ɗaga jirgi hawa-hawa, don a rage haƙa, a rage asarar rayuka. Ba a kula shi ba. Aka jefa ƙuri'a, 74 suka bi Lesseps, 8 suka ƙi, kuma cikin masu goyon bayan injiniyoyi 19 ne kawai.

Sai maganar kuɗi. Taron ya ƙiyasta faran miliyan 1,200 da shekara goma sha biyu. Lesseps ya ziyarci Panama a ƙarshen 1879, da rani, lokacin da kogin Chagres yake kwance lafiya. Kwamitin injiniyoyin da ya tafi da shi ya sauko da kuɗin zuwa miliyan 843, shi kuma da alƙalaminsa ya mayar da su 658. Ba wani sabon binciken ƙasa da ya sa haka. Shekara ɗari cif bayan taron Paris, a 1979, Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana wannan hali na mai tsara aiki: yana lissafi da yadda yake fata, ba da yadda ayyuka irinsa suka saba ƙarewa ba.

Da aka fara aiki a 1881, damina ta nuna halinta. Chagres yana cika ya batse cikin kwana ɗaya, gangaren Culebra yana zaftarewa ya cike abin da aka haƙa. Ciwon shawara da zazzaɓi suka shiga ma'aikata, waɗanda akasarinsu baƙaƙen fata ne daga Jamaika da sauran tsibiran Karibiya. A yi masa adalci a nan: lokacin ba a tabbatar da cewa sauro ke yaɗa cututtukan ba, har a asibitin kamfanin ana saka ƙafafun gado cikin kwanonin ruwa don hana tururuwa hawa, sauro kuwa yana hayayyafa a ciki. Wannan rashin sani ne na zamanin. Abin da ke wuyansa shi ne yadda ya riƙa rufe labarin mace-macen da na zaftarewar ƙasa, yana ƙara neman kuɗi. Babban injiniyan aikin, Jules Dingler, ya rasa ɗansa da ƴarsa da matarsa a can. An ƙiyasta waɗanda suka mutu sun kai 22,000.

Sai a 1887 ya amince a gina ƙofofin ruwa, aka ba Gustave Eiffel kwangilar. Ya makara. Kamfanin ya durƙushe a farkon 1889, mutane kusan 800,000 suka rasa ajiyarsu. A 1892 aka bankaɗo cin hancin da aka ba ƴan majalisa da ƴan jarida. Hukuncin da aka yanke masa, shi da ɗansa Charles, kotun sama ta soke shi, kuma tsufa ya riga ya ci ƙarfin dattijon har bai san yawancin abin da ake ciki ba. Ya rasu ranar 7 ga Disamba 1894.

Amurkawa suka buɗe mashigin Panama a 1914, da tafki a kan Chagres da ƙofofin ruwa, kusan yadda Godin de Lépinay ya zana. A Masar kuma, ranar 26 ga Yuli 1956, sunan Lesseps ne Gamal Abdel Nasser ya yi ta nanatawa cikin jawabinsa a Iskandariya, alamar sirri ga mutanensa su ƙwace ofisoshin kamfanin Suez. Kafin shekarar ta fita, an tumɓuke mutum-mutuminsa daga bakin mashigin a Port Said.