John Napier (1550–1617): Masanin da Ya Mayar da Lissafin Sau Tarawa

An haifi John Napier a shekarar 1550 a Merchiston, gidan gadonsu da ke kusa da birnin Edinburgh a ƙasar Sikotland. Ya shiga Jami'ar St Andrews a 1563 yana ɗan shekara 13, amma ya bar ta bai kammala ba. Littafinsa na farko, na shekarar 1593, sharhi ne a kan littafin Wahayin Yahaya na Baibul, sai dai fagen lissafi ne ya raya sunansa.

A zamaninsa masana taurari kan ɓata lokaci mai tsawo wajen ninka manyan lambobi da hannu, kuskure ɗaya kuma yakan rushe aikin baki ɗaya. Bayan kimanin shekara 20 yana nazari, Napier ya wallafa jadawalin logaridim a 1614, sunan da ya ƙera daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin gwargwado da lamba. Henry Briggs ya ziyarce shi daga Landan a 1615, suka amince a ɗora tsarin a kan goma. Ta haka logaridim ɗin 100 ya zama 2, na 1,000 ya zama 3. Idan aka tara su a sami 5, wato logaridim ɗin 100,000, wanda shi ne amsar 100 sau 1,000. Napier ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 1617, kafin babban jadawalin Briggs ya fito a 1624.

Kwamfuta ta kawar da buƙatar jadawalin, amma dabarar tana nan. Mai rubuta manhaja da ke son nuna lambobi daga 1 zuwa 1,000,000 a zane ɗaya yakan matse su da logaridim su koma 0 zuwa 6, don kada manya su danne ƙanana. Da yake sifiri ba shi da logaridim, akan ƙara wa kowace lamba 1 tukuna. Irin wannan ma'auni ne ya dace da kwatanta ruwan da ke shiga madatsar Bakolori da rani da kuma tsakiyar damina.

Napier ya raɗa wa dabararsa suna mai bayyana aikinta. Samar da makamancinsa cikin Hausa, wanda ɗalibin Talata Mafara, Bakura ko Maradun zai ji ya gane ma'anarsa, aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe.